Tarkon Ƙanƙara a Tuddan Allan: Nazarin Lamarin Dutse Mai Lamba 84001

A watan Yulin 2025 kamfanin gwanjo na Sotheby's ya sayar da wani dutse mai nauyin kilo kusan 25 a birnin Niyu Yok a kan dala miliyan 5.3. A yankin Agadas na Jamhuriyar Nijar aka tsince shi a 2023, masana kuma suka ce daga duniyar Mars ya ɓallo. Gwamnatin Nijar ta ce sai ta binciki yadda aka yi ya bar ƙasar. Labarin ya zaga rediyo da wayoyi, a nan Kaduna kuwa duk mai baƙin dutse mai nauyi a ƙarƙashin gado sai da ya tuna da shi.

Cikinsu har da maƙwabcina, dattijo mai harkar gwangwan a Panteka. Ya san ina koyar da labarin ƙasa a sakandare, sai ya kawo mini nasa bayan la'asar, a ƙunshe cikin buhun siminti. Baƙi ne ƙirin, gefe ɗaya yana ƙyalli, maganaɗisun lasifika kuma yana kama shi.

"Allah gafarta Malam, duba mini wannan. Yaran da suka kawo shi sun ce a gefen layin dogo suka same shi, kuma babu irinsa a wurin."

Na jujjuya shi. Jikinsa duk 'yan ramuka ne na kumfar da ta daskare, da muka goga magagari kuma sai ga gilas-gilas a ciki. Na ce, "Alhaji, wannan kashin maƙera ne. Wanda ya faɗo daga sama fatarsa kaɗai ke ƙonewa, siririya ƙwarai, cikinsa kuwa yana nan a cure, babu waɗannan ramuka." Bai ji daɗi ba, amma mutumin ƙarfe ne, ya san kashin maƙera idan an nuna masa. Yana naɗe buhunsa ya ce, "To su masu cewa nasu na Mars ne, wa ya je can ya ɗauko musu na gwaji? Kuma a ina suke samun su da yawa haka?"

Tambayoyin biyu duk suna da amsa, kuma amsar ta biyo ta kan wasu tuddai da ke kusa da ƙarshen duniya ta kudu, da wani dutse guda da aka tsinta a gefensu.

Tuddan da filin da ke bayansu

Tuddan Allan suna nahiyar Antatika, a gefen dogon jerin tsaunukan da ya ratsa nahiyar ya raba ta gabas da yamma, wajen digiri 77 kudu. Daga McMurdo, babban sansanin Amurka da ke bakin Tekun Ross, tafiyar sama da kilomita 200 ce, kuma sai da jirgi mai saukar ungulu ko ƙaramin jirgin da ke sauka a kan ƙanƙara. Tsawonsu wajen kilomita 22 ne, a taswira suna da siffar harafin Y, tsayin wurin daga matakin teku kuma ya kai mita 2,000. Babu itace, babu ciyawa, babu mazauni. Wata kusan huɗu rana ba ta faɗuwa, wata kusan huɗu kuma ba ta fitowa.

'Yan Niyu Zilan ne suka fara sa su a taswira a kakar 1957 zuwa 1958. Reshe ne na ayarin ƙasashen rainon Ingila da ya ƙetare nahiyar ƙarƙashin Vivian Fuchs da Edmund Hillary, suna tafe karnuka na ja musu kaya. Suka sa wa tuddan sunan R. S. Allan, farfesan ilimin duwatsu a Jami'ar Canterbury. Abin da ya fara jan masana zuwa can shi ne jikin tuddan: akwai kwal shimfiɗe a tsakanin dutsen yashi, akwai guntayen itatuwan da suka zama dutse, akwai sawun ganyen wata bishiya da ake kira Glossopteris, wadda ake samun irin sawunta a kudancin Afirka da Indiya da Ostareliya. Ke nan an yi lokacin da wannan wuri yake daji, yana manne da nahiyarmu. Kusan shekara ashirin hankalin masu zuwa yana kan tuddan. Filin shuɗiyar ƙanƙarar da ke shimfiɗe ta yammacinsu hanya ce kawai.

Japanawa ne suka juyo da idon mutane ƙasa. A 1969, a can wani ɓangare na nahiyar kusa da Tsaunukan Yamato, suka tsinci duwatsun sama tara a kan irin wannan shuɗiyar ƙanƙara. Yawan bai kai nau'in ban mamaki ba. Da a ce dutse ɗaya ne ya tarwatse a sama ya zubo, da duk iri ɗaya za su kasance, sai ga shi sun kasu iri-iri. William Cassidy na Jami'ar Pittsburgh ya ji wannan bayani a wani taro a 1973, ya gane cewa lalle akwai abin da ke tara su. Ya nemi kuɗin zuwa nema, aka hana shi fiye da sau ɗaya, sai da labari ya zo cewa Japanawan sun kwaso 663 a 1974 sannan aka saurare shi. A kakar 1976 zuwa 1977 ya je tare da abokan aiki, har da Bajapane Keizo Yanai, kuma a Tuddan Allan suka yi gamo da katar. Daga nan shirin ANSMET na Amurka, mai neman duwatsun sama a Antatika, ya samo asali, wanda ya zuwa yanzu ya tattaro duwatsu fiye da 20,000 daga wurare daban-daban na nahiyar.

Ba wai duwatsun sama sun fi faɗowa a Antatika ba ne. Ko'ina a duniya suna faɗowa, mafi yawa ma a teku. Bambancin yana ga abin da ƙasa ke yi da su bayan sun faɗo. A tsakiyar nahiyar dusar ƙanƙara ke binne su, shekara bisa shekara, har su nutse cikin ƙanƙarar da kaurinta ya kai kilomita biyu zuwa huɗu. Ita kuma ƙanƙarar ba a tsaye take ba, tana malalawa a hankali zuwa teku da duk abin da ta haɗiye. Yawancinsa a teku yake ƙarewa. Amma inda ta ci karo da tsauni, na fili ko wanda ke binne a ƙarƙashinta, sai tafiyar ta tsaya, ta ƙasa ta turo sama. Duk wanda ya taɓa tsayawa a kan gadar kogin Kaduna a watan Agusta ya ga yadda itace da tarkace ke taruwa a gindin ginshiƙi alhali ruwan yana wucewa, to ya ga rabin abin. Sauran rabin aikin iska ne. Wata busasshiyar iska mai tsananin sanyi tana gangarowa daga tudun tsakiyar nahiyar, ta share dusar da ke sama, sannan ita da rana su riƙa cin fuskar ƙanƙarar, tana tashi tururi ba tare da ta narke ba. A Tuddan Allan abin da ke tafiya bai wuce santimita biyar a shekara ba. Kaɗan ne, amma ƙanƙara ce ke tafiya, dutse yana nan. A dubban shekaru sai abin da ya faɗo a faffaɗan yanki ya taru a ɗan fili, baƙi a kan shuɗi, inda nesa da tuddan babu wani dutsen ƙasa da zai rikita ido. Sanyi da rashin ruwa kuma suna hana shi tsatsa, har akwai waɗanda suka yi dubban ɗaruruwan shekaru a wurin.

Wannan turowar ce kuma ta sa tsohuwar ƙanƙara take kusa da sama a can. Masu haƙa sun ba da rahoton wadda ta kai shekara miliyan 2.7 a 2017, sannan a 2025 wadda ta kai miliyan 6, da kumfar iskar wancan zamani a kulle cikinta.

A ƙasarmu akasin haka ne. Damina biyu ko uku sun isa su sa dutse mai ƙarfe ya yi tsatsa ya saje da marmara, ciyawa ta rufe shi, garma ta binne shi. Shi ya sa waɗanda aka sani a Najeriya yawanci waɗanda aka ga faɗowarsu ne da ido. Mafi shahara shi ne na Zagami, ƙauyen da ke ƙaramar hukumar Faskari ta Jihar Katsina a yau. Ranar 3 ga Oktoban 1962 wani manomi yana korar hankaki daga gonar masararsa sai ya ji ƙara, dutse mai kilo 18 ya dira 'yan taku kaɗan daga inda yake, ya nutse a ƙasa. Nan Kaduna aka kawo shi, ofishin binciken ma'adinai, aka ajiye. Daga baya wani Ba'amurke mai fataucin irin waɗannan duwatsu ya sami babban kaso ta hanyar musaya, yau guntayensa suna warwatse a ɗakunan bincike da hannun masu tara kayan tarihi a ƙasashe da dama. Ɗalibaina kan yi shiru idan na gaya musu cewa dutsen Mars ya taɓa kwana a garinsu.

Tambayar Alhaji ta farko kuwa, babu wanda ya je ya ɗauko. Na'urori ne suka je. A 1976 kumbon Viking guda biyu suka sauka a Mars suka auna abubuwan da iskarta ta ƙunsa. A 1983 Donald Bogard da Pratt Johnson suka binciki iskar da ke kulle cikin ɗigon gilas a jikin wani dutse da aka tsinta a Elephant Moraine, wani fili da ba shi da nisa sosai da Tuddan Allan, suka tarar ta dace da abin da Viking ya auna. A 1995 aka sami irin wannan iska a cikin na Zagami. Da waɗannan ake gwada sauran dangi.

Dutsen kansa

Masu nema sukan yi wajen mako shida a fili, tsakanin Disamba da Janairu, suna kwana a tanti. Da safe su hau babura masu tafiya a kan ƙanƙara, su jera sahu da tazara tsakaninsu, su riƙa tafiya a hankali kowa idonsa na ƙasa. Ranar 27 ga Disamban 1984, a filin da ya fi nisa ta yamma da tuddan, Roberta Score ta hango wani dutse da ya yi mata kama da kore-kore. Nauyinsa kilo 1.93.

Abin da aka yi daga nan shi ne zuciyar lamarin, duk da ba shi ne ke shiga labarai ba. Ba a taɓa shi da hannu ba. An ɗauki hotonsa a inda yake kwance, da lamba a gefensa, aka rubuta wurin da kamanninsa a littafin fili, aka sa shi a tsabtatacciyar jaka aka liƙe. A daskare ya yi tafiya har Cibiyar Johnson ta NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, a Houston, a can aka bar shi ya huce cikin akwatin busasshiyar iskar naitirojin don kada laima ta shige shi. Saboda an ga kamar na daban ne, shi aka fara buɗewa cikin kayan wannan kaka, ya sami lamba ALH84001: haruffan na wurin ne, 84 shekara, 001 kuma layinsa.

A wannan shekara ta 1984 ɗin, ranar 3 ga Afrilu, wani dutsen ya faɗo a wata gona a yankin Gujba, Jihar Yobe a yanzu. Mutanen wurin suka sa guduma suka farfasa shi, kowa ya ɗauki rabonsa, har nauyinsa na asali ma sai ƙiyasi. Da guntayen suka isa hannun masana, sai ya zamana nau'i ne mai wuyar samu ƙwarai, kuma shi ne na farko a irinsa da aka ga faɗowarsa. Ban ga laifin mutanen ba. Babu wanda ya taɓa gaya musu inda za su kai shi, ko abin da za su samu idan sun kai.

Su ma na Houston ba su tsira daga kuskure ba. A ɗakin bincike koren ya ɓace, dutsen ya fito toka-toka, aka duba ɗan ɓarɓashinsa aka yanke cewa irin waɗanda ake dangantawa da Vesta ne, wani ƙaton dutse da ke zagaya rana tsakanin Mars da Jupita. Aka rubuta, aka mayar da shi ma'aji. Shekara wajen takwas yana ɗauke da sunan da ba nasa ba. Sai a 1993 David Mittlefehldt, wanda ke nazarin 'yan Vesta ɗin, ya karɓi yanki ya ga ma'adinan ciki ba su dace da sauran ba. Aka auna nau'in oksijin da ke jikinsa, ya faɗa cikin dangin Mars. Tsarin nasu shi ya ba da damar gyaran: duk mai bincike, daga kowace ƙasa, yana iya rubuta buƙata a yanko masa kyauta, abin da ya rage kuma yana nan da takardunsa.

Da aka dawo kansa sai aka ga ya girmi danginsa nesa ba kusa ba. Na Zagami ya daskare daga narkakken dutse shekara wajen miliyan 180 da suka wuce. Shi kuwa wannan ya haura biliyan 4, tun zamanin da ake jin akwai ruwa a Mars. Wani karo ya cillo shi sararin samaniya shekara miliyan 16 zuwa 17 baya, ya yi ta yawo, ya faɗo Antatika kimanin shekara 13,000 da suka wuce. A cikin tsagoginsa akwai 'yan ƙulle-ƙulle ruwan lemo na ma'adinin kabonet, irin wanda ruwa kan bari.

Sanarwar 1996 da abin da ya biyo baya

Ranar 7 ga Agustan 1996 NASA ta kira 'yan jarida. David McKay da Everett Gibson da Kathie Thomas-Keprta, tare da Richard Zare na Jami'ar Stanford da wasu, suka ce sun ga alamun da za su iya zama sawun ƙananan halittu a cikin dutsen. Shugaba Bill Clinton da kansa ya fito ya yi magana a kai a ranar. Hujjojinsu huɗu ne: ƙulle-ƙullen kabonet ɗin, da wasu sinadaran kabon irin waɗanda kan saura idan abu mai rai ya ruɓe, da 'yan ƙwayoyin tama masu maganaɗisu da suka yi kama da waɗanda wasu bakteriya ke ƙerawa a jikinsu, sai kuma wasu siffofi masu kamar tsutsa da aka ɗauka da na'urar ƙara girma. Sun faɗa da bakinsu cewa kowace ɗaya tana da wani bayanin da ba na rai ba, haɗuwarsu wuri guda ce ta ja hankalinsu. Jaridu ba su ɗauki wannan ɓangaren ba, hoton tsutsar suka ɗauka.

Tun a zauren aka fara ja. J. William Schopf, masanin tsoffin halittun da suka zama dutse, yana zaune tare da su, ya ce hujjar ba ta kai girman maganar ba. Siffofin sun yi ƙanƙanta ƙwarai, wasu ba su kai nanomita 100 ba (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita), har ana tambayar ko kayan cikin ƙwayar halitta za su shiga wannan ɗan wuri. Wasu suka haɗa irin ƙwayoyin tamar a ɗakin bincike ta hanyar gasa kabonet, babu wata halitta a ciki.

Inda labarin ƙasa ya sake shigowa shi ne batun sinadaran kabon. Ƙanƙarar da ta adana dutsen ita ce kuma aka tuhuma da gurɓata shi. Baƙin dutse a kan ƙanƙara yana shan zafin rana da bazara, ya narkar da ɗan abin da ke kewaye da shi, ruwan ya tsotsu cikin tsagogi. Shekara 13,000 ba kwana biyu ba ne. A 1998 bincike biyu suka nuna cewa kaso mai yawa na kabon ɗin da ke cikinsa na wannan duniyar ne. Ƙungiyar McKay ta amsa cewa sinadaran da take magana a kai sun fi yawa a can ciki fiye da bakin fata, wanda ba haka gurɓata daga waje kan kasance ba. An yi ta kai ruwa rana. Abin lura a wurina shi ne an iya yin wannan gardama da awo, ba da baki kawai ba, domin an san filin da aka ɗauke shi, an san ƙanƙarar da ya kwanta a kai har ana iya ɗebo ta a gwada, an kuma san duk hannun da ya bi. Dutsen da aka saya a kasuwa, wanda ya kwana a aljihu da akwatin mota, ba a ma fara irin wannan magana a kansa, komai tsadarsa.

A ganina tawagar 1996 ta yi gaggawar zuwa gaban kyamara, amma ba ta yi ƙarya ba, kuma ƙurar da ta tayar ta yi amfani. A 1998 NASA ta kafa cibiyar nazarin yiwuwar rai a wajen duniyarmu, kuɗin binciken Mars ya ƙaru, masana kuma suka zauna suka tsara abin da za a yarda da shi a matsayin alamar rai da abin da ba za a yarda da shi ba.

McKay ya rasu a 2013. A watan Janairun 2022 wata tawaga ƙarƙashin Andrew Steele na Cibiyar Carnegie ta fitar da sakamakon sabon nazari a kan siraran yankan dutsen. Ta ce akwai sinadaran kabon da asalinsu na Mars ne, ba gurɓatar Antatika ba, amma ruwa mai gishiri ne ya samar da su sa'ad da yake ratsa dutsen yana sauya ma'adinansa, shekara wajen biliyan 4 da suka wuce, ba wata halitta ba. Yawancin masana a nan suka tsaya. Biyu daga cikin waɗanda suka yi aikin 1996, Thomas-Keprta da Simon Clemett, sun ce sabon nazarin bai gamsar da su ba, suna nan kan bakansu.